Kawu Eldred da Kabarin Bayan Shinge

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, duk wanda ya leƙa ta taga a Tolt Harbour zai gan shi yana hawa tudun coci, shebur a kafaɗa, gorar shayi a aljihu, yana ɗan jan ƙafar hagu. Kafin ya taɓa komai sai ya zagaya makabartar sau ɗaya. Ya miƙar da gicciyen da iskar teku ta karkatar, ya tayar da kwalbar furen da ta kife, ya duba ko tumakin gidan Snook sun sake fasa shinge. Sannan ya zauna a bakin ƙofa ya ci burodinsa da maɗi, aiki ya kankama. Shekara arba'in da shida ke nan Eldred Bungay yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji.

Kawu Eldred duk garin ke ce masa, har waɗanda suka girme shi. Wurin mahaifinsa ya gaji haƙar kabari. Ni kuma na daɗe ina riƙe da littafin coci, inda ake rubuta haihuwa da mutuwa, shi ya sa muke yawan haɗuwa. Littafina ya san sunan mamaci da ranar da ya cika. Dalilin da ya sa aka kwantar da shi a inda yake kuwa, sai dai a tambayi Kawu.

Kowace bazara jikokin mutanenmu da suka watsu cikin Kanada sukan zo neman kakanninsu, kuma tambayarsu ɗaya ce: me ya sa mijin yake nan, matar tana can? Yawancinsu sun riga sun yanke cewa faɗa aka yi. Sai Kawu ya zaunar da su ya yi musu bayani a tsanake. Tudun nan dutse ne da 'yar ƙasa a samansa, wani wurin ba ta kai gwiwa ba, inda aka samu zurfi nan ake haƙawa. Wanda ya mutu cikin tsakiyar sanyi, ƙasa ta daskare, sai gindin tudu inda yashi yake. Yaran da ciwon maƙogwaro ya kwashe a mako guda an jera su bakin ƙofa cikin gaggawa. Masuncin da teku ya ci, inda ruwa ya fitar da shi nan aka binne shi. Matar da ta fito daga gidan Katolika kuma, danginta sukan mayar da ita makabartarsu a tsallaken ruwa.

Sau ɗaya na ji ya ba da wata amsa daban. Wani mutum mai tabarau ya nuna masa kaburbura biyu, sai Kawu ya ce, "Wannan kam ka canka. Ita ce ta ce ta sha munsharinsa shekara hamsin, ya isa haka."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar gidan Tizzard, kuma da izininsu nake faɗa.

Melvina Tizzard ta rasu tun 1991, aka binne ta can saman tudu, jikin shingen arewa. Kowa ya ɗauka don tana son kallon teku ne. Mijinta Absalom ya bi ta bayan shekara goma sha takwas, cikin watan Fabrairu. 'Ya'yansu biyu ne: Cyril, masunci, wanda bai taɓa barin garin ba, da ƙanwarsa Dorcas da ke aikin jinya can nesa a jihar Alberta. Ƙanƙara ta hana jirgin ruwa tashi, Dorcas ba ta samu jana'iza ba. Da ta iso bayan mako guda, sai ta tarar da kabarin uban can gindin tudu, nesa da uwar. Ta san Cyril da uban sun yi shekaru ba sa jituwa a kan wani kwale-kwale. Ta faɗa masa maganganu a bakin ƙofar gidansa, washegari ta tafi. Shekara bakwai ko gaisuwar Kirsimeti ba ta shiga tsakaninsu ba.

Wata ranar Talata cikin watan Yuli sai ga Dorcas a ɗakin girkina da takarda a hannu. Ta samo izinin hukuma a tono ubanta a mayar da shi kusa da uwarta.

"Malama Ivy, sa hannun coci kaɗai ya rage," ta ce. "Na riga na yi magana da masu aikin."

Na ce mata mu fara ganin Kawu tukuna. Muna isa ƙofar makabarta sai ga Cyril ya biyo mu da takalman robarsa, don a garinmu labari ba ya kwana.

"Wa za a tono?" ya ce.

"Wanda ka jefar cikin baƙin da ba su da kowa."

"Ni na jefar da shi? Ke kina ina ranar? Kina can kina aiko mana fure ta waya."

"Jirgi ne bai tashi ba, ka sani sarai!"

"To ni ma ƙasa ce ta ƙi buɗewa."

"Ƙarya kake, Yaya. Haushin kwale-kwalen nan ne ka huce a kan gawa."

Kawu Eldred yana durƙushe yana cire ciyawa. Ya miƙe a hankali ya kakkaɓe gwiwa. "Ku rage murya," ya ce, "mutanena suna hutawa." Ya ɗauko doguwar sandar ƙarfen da yake auna zurfin ƙasa da ita, ya yi gaba, muka bi shi har kabarin Melvina.

Ya miƙa wa Dorcas sandar. "Ungo, 'yata. Nan kike so a sa shi ko? Caka mu gani."

Ta caka a dama da kabarin. Ko taƙi guda sandar ba ta shiga ba, muka ji ƙwal. Ta matsa gaba ta sake, ƙwal. Ta koma hagu, ta koma wajen ƙafafu, duk haka. Ta yi ta yi har gumi ya keto mata. Ashe uwarta tana kwance ne cikin wata tsaga tsakanin duwatsu biyu, daidai faɗin akwati ɗaya.

Ta jefar da sandar. "To me ya sa tun farko aka kawo Mama nan, inda aka san Baba ba zai samu wuri ba?"

"Yawwa," in ji Kawu. "Tambayar da na daɗe ina jira ke nan. Ku biyo ni."

Ya fitar da mu ta ƙofa, muka zaga bayan shingen ta cikin dogayen ciyayi. Na shekara sittin a garin nan, ban taɓa taka wurin ba. A can akwai wani ɗan fili da aka share tas, da ƙananan duwatsu huɗu a jere, kowanne an shafe shi da farar ƙasa, babu rubutu. Ya tsaya gaban na uku. In ka miƙa hannu ta tsakanin katakon shingen daga nan, za ka taɓa dutsen kabarin Melvina.

"Wannan yayarku ce," ya ce.



Ya ba su labarin yadda mahaifinsa ya ba shi. An haife ta cikin hunturun 1957, shekara biyu kafin Cyril. Ta yi numfashi kamar awa ɗaya. Ungozoma tana ta faman ceto uwar, kafin a waiwayi jaririyar rai ya yi halinsa, ba a yi mata baftisma ba. A dokar wancan zamani, irin wannan yaro ba ya shiga cikin shinge. Melvina ta yi mako uku a kwance, da ta tashi aka ce mata ta manta, Allah zai ba ta wasu. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai da ciwon ajali ya kwantar da ita ta aika aka kira Kawu.

"Ta ce mini, 'Eldred, ka san inda take. Ka kai ni kusa da ita iyakar inda aka yarda.' Kwana uku ina bin jikin shingen nan da sanda kafin na samu tsagar. Na koma na gaya mata wurin mutum ɗaya ne tak. Ubanku yana zaune bakin gado. Ya ce mata, 'Ni na same ki shekara talatin da biyar. Ita ko yini guda ba ta samu ba. Je ki wurinta.'"

Cyril ya cire hularsa. Ƙaton mutum ne, sai kawai na ga ya zauna daɓas cikin ciyawa.

"Uwarku ba ta so a gaya muku ba," Kawu ya ci gaba. "Amma kafin ubanku ya cika ya ce in har za ku ɓata a kansa, in faɗa. Kai ba ka tambaya, ke ba kya zuwa, ni kuma na yi ta cewa sai na haɗa ku wuri ɗaya. Na ja abin ya yi tsawo. Wannan laifina ne, ku yafe mini."

Dorcas ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta kan ɗan dutsen. Can ta ce, "Yaya sunanta?"

"Ba a raɗa mata ba. Amma ranar da ta kira ni na ji uwarku ta ce Pearl."

Da ta miƙe sai ta ninke takardar izinin ta cusa a jaka, ta dubi wanta. "Tashi, Yaya, ciyawar nan da raɓa, ga ka da ciwon baya."

"Sai yau kika tuna ina da baya?" ya ce. Amma ya kama hannun da ta miƙa masa.

Daga baya na bincika tsofaffin takardun taron coci, na ga sau biyu Kawu yana roƙon a matsar da shingen arewa, bai faɗi dalili ba, aka ce sai an duba. A kakar shekarar da sirrin ya fito Cyril da Dorcas suka tsaya gaban taro tare, suka sake roƙon. Fastonmu na yanzu ya ce dokar ta daɗe da mutuwa, shingen ne kawai ba a gaya wa ba. Cyril ya kawo ginshiƙai, maza suka fito wata Asabar, aka matsar da shingen taku huɗu, duwatsun suka shigo ciki. Sauran duwatsun uku ma Kawu ya san na wane ne. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. Ranar da aka yi wa jariran addu'a aka turo wata tsohuwa mai shekara tamanin da takwas a keken marasa lafiya, ta ce a ajiye ta gaban dutse na farko, kuma ba wanda ya tambaye ta komai.

Absalom yana nan gindin tudu inda ya yarda a sa shi. Dorcas tana zuwa duk bazara, ta sauka gidan Cyril, su yi ta musu a kan gishirin da ya zuba wa kifi.

Kawu Eldred, kai ne mai rufe mu da mutunci. Kai ne ka shekara arba'in da shida kana shafa farar ƙasa a kan duwatsun da ba a sa ka ba, ba wanda ya gani balle ya gode. Ka riƙe sirrin mace shekara ashirin da biyar, da lokacin faɗa ya yi ka faɗa, ka kuma amsa naka kuskuren a gaban 'ya'yanta. Mun sha wuce ka a hanya mu ɗaga hannu kawai, wasunmu ma sukan kau da kai don aikinka yana tuna musu abin da ba sa so. Yau muna cewa mun gode, a madadin masu rai da waɗanda ba za su iya faɗa ba.

Ku kuma masu karatu, duk inda kuke akwai irinsa: wanda ya san abin da ba a rubuta ba, yake yin aikin da ba a dubawa kamar ana dubawa. Ku je ku zauna da shi tun yana iya ba ku amsa. In kuma amana irin tasa ta faɗo hannunku, ku riƙe ta yadda ya riƙe.

Makon jiya a bakin coci wani ya tsokane shi, ya ce to in ya tafi wa zai haƙa nasa. Kafin ya buɗe baki Cyril Tizzard ya ce ba baƙo ba, ba inji ba, in dai yana da rai shi zai haƙa da hannunsa.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "To gobe ƙarfe bakwai ka same ni a kan tudu," ya ce. "Na ga yadda ka kafa ginshiƙan shingen nan. Ba zan kwanta a karkace ba."