Ba Taurari Ba Ne Suka Kashe Yaya Sa'idu

Da daminar bana Yaya Sa'idu ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Shi ne ɗan fari a gidanmu na Getso, malamin kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Ni ƙanwarsa ce, Hajara, ina aikin jinya a Kabo. Wani labari da na ji a rediyo kwanan baya ne ya sa na ɗauki biro, domin da yana raye, ba wanda zai huta a gidan nan sai ya gama warware mana shi.

Yaya mutum ne mai son bayani. In ya dawo daga makaranta da la'asar, ya jingine mashin ɗinsa, ko Inna ce kaɗai ya tarar tana gyaran wake sai ya zauna ya soma. Yakan ce sararin samaniya ba a tsaye yake ba, buɗewa yake yi, gungu-gungun taurari suna ta yin nesa da juna. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne, maimakon gudun ya riƙa raguwa, ƙaruwa yake yi. Akwai wani ƙarfi da ke tura su, ba a ganinsa, ba a san ko mene ne ba, shi ya sa aka laƙaba masa suna ƙarfin duhu.

Daga nan sai ya shiga zancen ƙarshe. Ya ce a lissafin masana, ko dai taurari su ƙone ɗaya bayan ɗaya har komai ya yi sanyi ƙalau, ko ƙarfin nan ya yi yawa har ya yayyaga komai, ko kuwa ya gaza, komai ya juyo ya haɗe wuri guda. Shi ya fi karkata ga sanyin. Amma bai taɓa rufe maganar ba sai ya ce, "Wannan lissafin ɗan Adam ne. Sanin Sa'a na wurin Allah." Inna ta ce, "To tashi ka ci tuwo tun bai riga duniyar hucewa ba." A yi dariya.

Ciwon kai ne ya fara. Daga baya ɗalibansa suka lura yana tsayawa a tsakiyar magana, ya tsura wa allo ido kamar ba shi ya yi rubutun ba. Ranar da abin ya fito fili kuwa a wurin wani suna ne a Sabon Birni. Ana raba goro ya miƙe, ya kama faɗa wa mutane cewa taurari za su mutu duka, ya maimaita, ya sake maimaitawa, harshensa yana sarƙewa. Sai riƙe shi aka yi aka fitar.

Baffa Ilu, ƙanin mahaifinmu, shi ke riƙe da gida tun rasuwar Baba. Ya yanke cewa karatu ne ya taɓa shi: wanda ya yini yana tonon ƙarshen duniya, dole wata rana kai ya kasa ɗauka. Na durƙusa na ce, "Baffa, ciwon kai da aman safe da jan ƙafa ba na littafi ba ne. A bari mu kai shi Kano a yi masa hoton kai." Ya ce, "Hajara, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ba mugu ba ne Baffa. Bijiminsa ya sayar don nema wa Yaya magani, har Katsina ya je. Aka zuba littattafan a buhu aka fitar daga gidan, aka shiga rubutu da hayaƙi, rani ya wuce a haka.

Wata rana na zo daga Kabo na same shi a ƙofar ɗaki, idonsa garau. Ya kama hannuna ya ɗora a bayan kunnensa na hagu. Ya ce, "Hajara, ba taurari ba ne. Nan ne ke ciwo. Ki faɗa musu, ni sun daina jin maganata." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda aka ce ya taɓu, ko gaskiya ya faɗa cikin ciwon ake lissafa ta. Na faɗa musu. Aka ce a ƙara haƙuri, maganin bai gama ratsa shi ba.

Sai da ya yanke jiki ya faɗi a gona lokacin shuka sannan aka yarda. Hoto ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, ya riga ya girma. Likitan ya tambaye mu tun yaushe yake ciwon kai, muka faɗa masa, ya cire tabarau ya murza ido. Muka dawo da Yaya gida. Gero bai kai ga fitar da kai ba ya cika.

Labarin da na ji a rediyo shi ne, wasu sababbin gwaje-gwaje na nuna mai yiwuwa ƙarfin duhun nan raguwa yake yi, ko da yake ba a tabbatar ba. In haka ne, sanyin da Yaya ya fi yarda da shi na iya zama ba shi ne ba. Na san ba zai ji haushi ba. Murna zai yi, domin yakan ce wanda bai taɓa sauya ra'ayi ba bai taɓa auna komai ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ɗauki sauran abubuwan da suka faru a bayansa. Makarantarsa ta daɗe ba ta da tsayayyen malamin fanninsa. Ɗansa Nura, da yake lashe lissafi kamar zuma, uwarsa ta roƙe shi da hawaye kada ya shiga ajin kimiyya. Ya bi maganarta. Yanzu yana sayar da cajar waya a bakin tasha.

Me ya saura na Yaya Sa'idu? Akwai ɗalibansa da ke tsayawa su gaishe ni su yi masa addu'a, ba na raina wannan. Akwai bishiyoyin mangwaro da ya dasa, ana shan 'ya'yansu. Amma abin da ya fi yaɗuwa shi ne sunansa, ta hanyar da bai cancanta ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ni dai na ga wadda ta yi har da jikoki.

Watan jiya wata mata ta kawo jaririyarta rigakafi, tare da babbar 'yarta mai kamar shekara goma sha biyu. Yarinyar ta zauna a benci tana karanta littafin makaranta. Uwar ta fizge shi ta ce, "Ke ba kya hutawa? So kike ki zama Malam Sa'idu na Getso?" Ba ta san ni ba. Na ajiye allura na ce, "Baiwar Allah, yayana ne. Ƙari ne a kansa, da idona na ga hoton." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ayya, Allah ya jiƙansa, ki yafe ni." Na ce amin. Ta saɓa jaririyar, ta tura littafin can ƙasan jakarta, ta ja zif, suka fita.