Mangwaron Mainassara a Gidan Hajiya Kellu

Mainassara ɗan kawuna ne, wato bawana a wasan taubasai, kuma duk Dantchiao ba a taɓa haihuwar mai dabara irinsa ba. Shi da kansa ya faɗa mini. Da gonar gado ta yi musu kaɗan sai ya shigo Magarya ya kama kabu-kabu. Yana kwana a tasha, sauro na cinye rabinsa, da safe ya ɗora sauran rabin a kan babur.

Ana nan wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai suna Mushe Hamissou (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya ba shi hayar ɗaki ɗaya a gidan da shi ma haya yake yi. Gidan na Hajiya Kellu ne. Sunan Mushe kaɗai ke cikin kwantara, wato takardar haya, kuma an sharɗanta masa kada ya saka wani ɗan haya. Don haka ya ce wa Mainassara, "In Hajiya ta tambaya, kai ƙanena ne."

Bawana ya riƙe ƙanuntar nan hannu bibbiyu. Ya gaya wa Hajiya nono ɗaya suka sha. Ya gaya wa maƙwabta Mushe ne ya goya shi. Har tabon goshinsa, wanda ni na yi masa da dutse muna yara, ya ce aikin Yaya Hamissou ne.

Amma so yake ɗakin ya tabbata a hannunsa, don a nan amaryarsa Ruma'isa za ta tare bayan kaka. Sai ya tuna dokar ƙauyenmu: wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace, domin in ya dasa mai gona ya yi shiru, to gona ta fara canja ubangiji. Ya sayo dashen mangwaro ya kafa a ƙofar ɗaki. Hajiya ta zo ta gani, ba ta ce uffan ba.

Ya same ni yana haki. "Ta yi shiru! Kai da ka yi lakwal rabi da rabi, zo ka ga kwantara mai saiwa."

Na ce, "Allah ya ja zamanin mai gida."

Da hutun lakwal ya ƙare aka ɗaga Mushe, aka mayar da aikinsa Dungas. Ya ɗaure kayansa, ya mayar wa Hajiya makullinta. Ta leƙo gidan ta tarar da Mainassara yana shafa wa ɗaki farar ƙasa.

"Ɗana, ba ka bi yayanka ba?"

"Hajiya, ai ni ɗan haya ne."

"Hayar wa? Ni ban taɓa ganin dalarka ba."

"To ga itacena."

"Na gani. Allah ya sa a mizani."

Ya kai ƙara wurin mai unguwa, na bi shi don kada dariya ta wuce ni. Mai unguwa ya ce, "Mainassara, kai ƙanen Mushe ne ko ɗan hayarsa?"

"Ranka ya daɗe, ya danganta."

Maƙwabta suka ce su dai nono ɗaya aka gaya musu. Mai unguwa ya ce, "In ƙane ne kai, baƙo ne, baƙo kuwa yana bin wanda ya kawo shi. In ɗan haya ne, haƙƙinka na wuyan wanda ka yi magana da shi, ga hanyar Dungas. Batun itace kuma, yaro, nan ba gona ba ce."

Ya dai roƙi Hajiya ta bar shi zuwa ƙarshen wata, tunda ba a fitar da mutum rana ɗaya kamar akuya. Ta yarda da kyar, don wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya riga ya kama gidan gaba ɗaya.

Iyayen Ruma'isa suka aiko cewa ƴarsu ba za ta tare a tasha ba, sai ya sami ɗakin da mai shi ya san da zamansa. Yanzu a zaurena yake kwana, yana minshari kamar injin niƙa.

Ranar da zai fita Hajiya ta ce, "Ɗana, ɗan duwan ba mazauni ba ne. Ka riƙa leƙowa kana ba mangwaron nan ruwa."

Ya yi rantsuwa ba zai sake taka gidan ba. Jiya na gan shi a ƙofar, da jarka ɗaure a bayan babur, yana sallama.