Mai Yana Zuba

A unguwarsu da ke gindin dutse a Zuru, babu mai kiran Kefas da sunansa tsura. Kofur Kefas ake cewa, ko da yake ya ajiye kaki tun shekarar da soja suka miƙa mulki. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa manyan motocin bataliya, har Laberiya aikin ya kai shi. Ya dawo da tabo a gwiwa da wata ɗabi'a: ba ya yarda da injin da bai taɓa kwanciya a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya mallaka bayan ritaya ba shi da yawa. Gida mai ɗaki uku, gonar dawa a hanyar Manga, tsohuwar mota ruwan toka, sai wani jan kare mai suna Manjo. In an tambaye shi dalilin sunan, yakan ce ya gaji da karɓar oda daga Manjo, yanzu shi ma ya samu wanda zai ce wa zauna ya zauna.

Motar ba ta ado ba ce. Ita ke kai matarsa Theresa kasuwar Mahuta da jarkokin man gyaɗa da buhun ƙuli-ƙulin da take soyawa. Ranar Lahadi ita ke kwasar tsofaffin unguwa zuwa coci. Duk macen da naƙuda ta kama, Kirista ko Musulma, ƙofar Kofur ake bugawa. Makullan motar guda biyu ne a zobe ɗaya, na tayarwa da na but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, kuma a aljihun ƙirjinsa suke kwana.

A kakar shekarar 2004, bayan an yanke dawa, ya kusa afka wa wata saniya a tsakiyar titi da rana tsaka. Da ya taka birki, sai ya ce ya ɗauka inuwar itace ce. Theresa ta kai labarin ga 'yarsu Talatu, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Talatu ta zo, ta haska idon mahaifinta da tocila, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, yanar ido ce. Duka biyun. Ka ajiye tuƙi har a yi maka aiki."

"Idona ƙalau."

"Saniya fa, Baba."

"Saniyar ce ba ta da hankali." Ya bugi aljihunsa, makullan suka yi ƙara. "Ki saurara, ke ma'aikaciyar asibiti. Ranar da injin nan ya yi yoyo na kasa gano inda yake yoyon, ki zo ki karɓi makulli. Ni na faɗa."

Ya faɗa ne don a rufe maganar. Kwana huɗu bayan haka ya wayi gari da baƙin tabo a ƙasa, daidai gindin injin. Talatu ta ji labari, ta aiko cewa ta ba shi mako biyu.

Bai damu ba, don irin wannan aikin ya yi shi a daji ana harbi. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya wanke injin tas da kananzir. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya bar ta ta huta, sannan ya kwanta rigingine ya bi jikin ƙarfen da yatsunsa, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafar yaro. A bakin kwanon da mai ke taruwa a gindin inji ya ji damshi. Gaskit ɗin da ke liƙe bakin kwanon don hana yoyo ya bushe ya tsage. Ya tsiyaye man a roba, ya kwance notuna goma sha shida ya jera su a kan tsumma yadda ya ciro su. Sabon gaskit da kansa ya yanka: ya ɗora takarda mai kauri a bakin kwanon, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har siffar ta fita. Ya shafa gam, ya mayar, ya ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can don kada gefe ya fi gefe matsewa. Da gari ya waye, kwalin a bushe yake. Ya shafa shi da tafin hannu sau biyu ya tabbatar.

Ranar kasuwa ya kai Theresa Mahuta yana fito. A hanyar dawowa ya faɗa wani rami da bai gani ba, motar ta yi tsalle. A gidan nan hirar gona da ta dangi da yarensu na C'lela ake yi, amma maganar mota da ta kasuwa da Hausa suka saba, tun zaman bariki. Da Hausar ta yi masa magana bayan ta gama sauke kaya.

"Baban Talatu, mai fa ya zuba a motar nan."

"Na gyara."

"Ka gyara? Yaushe?"

"Shekaranjiya. Ba a gabanki ba?"

"A'a, yau ya zuba. Da yawa ma."

Ya tsaya da buta a hannu. "Ke me kika sani a kan mai?"

Theresa, wadda ta shekara goma sha biyar tana matsar gyaɗa, ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ce ban san mai ba?"

"Ki bar mini maganar man nan. Kada ki ƙara."

Ta ce to, ta ɗauki tsumma ta nufi bayan mota. Shi kuwa ya shige ɗaki.

Washegari tabon ya dawo. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne inda ya dawo. Ba a gindin inji ba, can baya ne, kusa da tayar hagu. Ya zagaya motar sau uku. Ya san mai yakan bi ƙasan mota in ana gudu, iska ta kora shi baya, ya taru ya riƙa ɗiga a can. Ke nan gaskit ɗinsa bai riƙe ba. Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Layukan da ke jikinta sun daɗe da ɓace masa, da farcen babban yatsa yake laluben su. Man yana kan layin sama, cif. Ya sake awo. Cif.

Dawuda tela, maƙwabcinsa, ya leƙo ta kan katanga da tef a wuya.

"Kofur, yau kuma ta baya take yi?"

"Ka koma kan kekenka."

"Ai lafiya ce. Ta gaba take ci, ta baya take fitarwa, kamar kowa."

Kefas bai yi dariya ba. Ya sake ɗaga motar, ya kwance notuna goma sha shidan nan, ya yage gaskit ɗin da ya yanka da kyau, ya yanka wani. Ya ɗaure matatar mai. Ya sauya woshar notin tsiyaya. Kwana biyu a kwance a ƙasa, gwiwarsa mai tabo tana zogi, hancinsa ya toshe da warin kananzir har tuwo ma kananzir yake yi masa. Bai fita da motar ko'ina ba. Da safe tabon yana nan a baya, ya ma ƙara faɗi.

Nan ne abin ya fara ba shi tsoro. Motar da ba ta motsa ba, wace iska ce ta kai man baya? In inji ne ke zubarwa, me ya hana man raguwa? In kuwa yana raguwa, to farcensa ma ya fara yi masa ƙarya ke nan, bayan ido. Ya yi tunanin ya kira Dawuda ya duba masa sandar, sai ya ga kiran ma miƙa makulli ne. Ya duba man birki, ya duba na giya, ya shafa bakin tankin fetur. Ko'ina a bushe. Har ya fara zargin ko wani ne ke zuwa yana zuba mai a wurin don a raba shi da motarsa, ya kuwa yini yana kallon Theresa ta gefen ido. Ita kuma ta ga ya hana kowa zuwa kusa da motar, ta ɗauka haushin ɓarnar da ta yi masa ne bai huce ba. Sau ɗaya ta gwada.

"Wai man nan, in ka bari na ɗaga..."

"Maman Talatu, me na ce miki?"

Ta koma kicin.

Ranar da mako biyun ya cika, Asabar ce. Tun da sassafe ya ɗauki farin farantin tangaran na Theresa ya tura shi ƙarƙashin inda ke ɗiga. Ƙasa tana shanye mai ta ɓoye shi, yana so ya tara shi wuri ɗaya ya ga yawansa kafin Talatu ta iso. Ya zauna a kan kututture yana jira. Da hantsi ya jawo farantin. Ɗan mai ya taru, kamar cokali biyu, duhu-duhu a idonsa. Ya ajiye ya juya neman tsumma. Da ya waiwayo, Manjo ya tusa baki a ciki yana lasa, wutsiya na kaɗawa.

"Manjo! Kai! Bari!" Ya cafki wuyan karen ya ja shi. "Maman Talatu! Kawo manja! Karen nan ya sha baƙin mai, zai mutu!"

Theresa ta fito a guje da kwalbar manja. Daidai lokacin Talatu ta shigo, farin takalmin aiki a ƙafarta. Dawuda ma ya leƙo. Kefas ya matse karen tsakanin gwiwoyinsa yana ƙoƙarin buɗe masa baki, karen yana ƙoƙarin komawa kan farantin.

Theresa ta tsaya cak. Ba karen take kallo ba.

"Wa ya ajiye mini farantina a ƙasa da man gyaɗa a ciki?"

"Wane man gyaɗa? Man inji ne. Ba ni manjan."

Ta sunkuya, ta dangwali gefen da harshen karen bai kai ba, ta shinshina, ta ɗana a harshe. "Wannan ni na soya gyaɗarsa."

Ta miƙa hannu, shi kuma, ba tare da ya san ya yi ba, ya ciro zoben makullan ya ba ta. Ta buɗe but, ta ɗaga tabarmar robar da ke shimfiɗe, ta ɗaga katakon da ke ƙarƙashinta. Safayar taya tana zaune a raminta cikin man gyaɗa har rabi. Ta wata 'yar huda a gindin ramin yake fita, ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar Mahuta jarka ta tsage, sa'ad da ka faɗa ramin nan," in ji ta. "Na goge na sama. Ban san ya gangara ƙasa ba. Ai na gaya maka mai ya zuba."

"Kin ce mai! Ba ki ce man gyaɗa ba!"

"Kai ma ka ce ka gyara. Na ce a raina, ikon Allah, Kofur har jarka yake gyarawa kafin ta fashe."

Dawuda ya riƙe katanga yana dariya har tef ɗinsa ya faɗi cikin gidan Kofur. "Gaskit biyu ka yanka wa ƙuli-ƙuli!"

Kefas ya saki karen. Sai a lokacin abin ya zauna masa: gyaransa na farko ya riƙe. Tun ranar farko ya gano yoyon, ya kuma toshe shi. Farcensa bai yi ƙarya ba. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya juya wajen 'yarsa.

"Kin ji ko? Inji bai yi yoyo ba. Sharaɗinmu a kan inji ne."

"Haka ne, Baba," in ji Talatu. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki farantin, ta ƙara masa mai daga ramin tayar da murfin kwalba, ta riƙe shi a rana a gabansa. "Wane launi ne?"

Ya san amsar. Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ya san launin man gyaɗa, kuma kalmar tana bakinsa. Ya duba farantin. Fari a gefe, wani duhu a tsakiya, gefunan suna narkewa cikin juna. Haka ya gan shi da hantsi, haka yake ganinsa yanzu. Ya tuna saniyar, ya tuna ramin, ya tuna matan da yake ɗauka da ciki a kujerar baya.

"Na sani," ya ce. "Amma Manjo ne ya gaya mini."

Ya karɓi zoben daga hannun Theresa. Ya daɗe yana fama da shi da farce kafin makullin tayarwa ya fita. Ya miƙa wa Talatu. Na but ɗin ya mayar aljihun ƙirjinsa.

"Baba, ni fa ban iya tuƙi ba. Cewa na yi a ajiye ta."

"Mota ba ta son ajiya. Gobe bayan coci, filin makaranta."

Haka aka yi. Watanni bayan nan, har zuwa lokacin da aka yi masa aikin idon farko, mutanen unguwa sun saba ganin motar ruwan toka tana tafiya a hankali, Talatu a sitiyari ta ƙanƙame shi da hannu biyu, Kofur a gefenta ya karkata kunne wajen inji yana cewa ta sauya giya. Bonet kuwa ba wanda ke buɗewa sai shi. Dawuda yana cewa Kofur ne ya ci sharaɗin, Theresa tana cewa Talatu ce, shi kansa Kefas in an tambaye shi sai ya ce har yanzu yana duba maganar.

Manjo ya samu ƙuli-ƙuli biyu a ranar. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya ce "mai" a gidan nan, ko a kicin ko a gindin mota, sai an tsayar da shi an tambaye shi wanne.