Makullin da Nata'ala Ya Zaɓa

Nata'ala kuku ne, mutumin Funtuwa, kuma ba karatu ya kai shi Landan ba. A shekarun da kuɗin mai suka sa kowane ɗan kwangila ya kamu da ciwon da sai likitan Ingila, Alhaji Labaran mai siminti ya sayi gida a Stratford don saukar baƙinsa. Baƙin Alhaji kuwa ba sa cin dafaffen dankali ba yaji, sai aka ɗauko Nata'ala da matarsa Rahinatu, aka ba su ɗaki biyu a bayan gidan. Gajere ne marar yawan magana. In ka ba shi ajiyar allura, ko bayan shekara goma za ka same ta da zarenta.

Su ba ta ƙofar gaba suke shiga ba. Akwai ƙyauren katako a bakin titi, daga shi sai dogon lungu tsakanin bango biyu, sannan ƙofar kicin. Ƙyauren da sifirin a jikinsa, ka tura ka wuce, ya koma da kansa ya ce ƙwas. Makulli dai babu, ko iska ta ga dama sai ta buɗe shi.

Ta wannan ƙyauren ƙaninsa Uwaisu ya fita. Gwamnatin jiha ce ta turo shi karatun injiniya, yana kwana wurin yayansa. A sanyin shekararsa ta biyu ya daina zuwa makaranta, sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Wata Laraba bayan azahar ya ce, "Yaya, bari in ɗan taka." Takawar ke nan. An je wurin 'yan sanda, an zaga asibitoci, an cigita a masallatai, ba wanda ya ce ya gan shi. Da labari ya kai Funtuwa, tsohuwarsu ba ta yi dogon zance ba, saƙo ɗaya ta ba wani baƙon Alhaji ya kawo da baki: "Ka ce wa Nata'ala kada ya rufe wa yaron nan ƙofa."

Bai rufe ba, amma ya sha wuya. Yana cikin tuƙa tuwo sai ƙyaure ya ce ƙwas, ya saki muciya ya leƙa lungu, ba kowa. Wani lokacin har takun ƙafa yake ji yana matsowa, ya zo daidai taga ya tsaya. Rahinatu ta sha jin ya amsa sallamar da ita ba ta ji an yi ba, tsigar jikinta ta tashi. Kullum sai ya zuba tuwon Uwaisu ya rufe, da safe su ɗumama su ci.

Ana nan sai wani ɗan hannu ya bi ta lungun da rana tsaka, ya kwashe akwatunan baƙi. Alhaji ya bugo waya daga Kano, muryarsa kamar za ta fasa kan wayar.

"Nata'ala, zauren ubanka ka mai da gidana? Nan da Juma'a a sa makulli, ko ka haɗa kayanka."

"To, ranka ya daɗe."

Haɗa kaya kuwa shi ne rufe ƙofar gaba ɗaya, don in ya bar gidan, wa Uwaisu zai tarar? Ya sa kwat ya nufi shagon wani tsohon Bature mai kayan ƙofa. Tsohon ya baje masa iri-iri. Sakata ba ta yi ba, sai an sa mata hannu, baƙin Alhaji kuwa ko famfo ba sa rufewa. Kwaɗo ma haka, ga ruwan garin nan da ke cinye ƙarfe cikin wata guda. Akwai wani mai araha da harshensa ke rawa, wanda kafaɗa ɗaya za ta ɓalle. Nata'ala ya daɗe yana juya shi a hannu, Allah ya sani ransa ya biya, don ba zai tare Uwaisu ba. Amma kuɗin Alhaji ne, gidan Alhaji ne, shi kuma bai iya cin amana ba ko da ta katako. Ya ajiye, ya ɗauki na tagulla mai nauyi, wanda ke kama kansa da zarar ƙyaure ya koma, daga ciki a murɗa, daga waje sai da ɗan makulli. Ya ce a ransa, in yaron ya zo ai zai yi sallama, mu ji.

Makulli ya yi aikinsa. Iska ta yi ta bugun ƙyaure bai motsa ba, takun ƙafa ya ɗauke, Nata'ala har ƙiba ya soma yi. Haka suka ci sanyin shekarar gaba ɗaya.

Wata la'asar ya fitar da kwandon shara bakin titi, ɗan makullin yana aljihun wani wandon. Ƙyaure ya koma ya kama. Ya yi murmushi, ya matsa ya ce, "Salamu alaikum." Wata jar bas ta wuce ta haɗiye muryar. Ya sake, da ƙarfi. Rahinatu na kicin tana suya, taga a rufe saboda sanyi. Ashe ƙarar katako ce ke bin bango ta isa kicin, murya ba ta kaiwa ko rabin lungu. Ya yi sallama ta uku, shiru.

Sai ya ga ƙafafunsa sun juya da kansu, don haka mahaifinsu ya hore su: sallama uku, in ba a amsa ba ka koma, ba a dukan ƙofar mutane. Har ya ɗan taka kafin ya tuna gidansu ne. Nan ya tsaya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya zauna a kan dakalin titi.

Sai dab da magariba Rahinatu ta fito nemansa, ta same shi zaune ba hula, hannuwa a cikin hammata.

"Malam, lafiya? Me ya hana ka buga ƙyauren?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Shi ma ba zai buga ba."