Gubar da Aka Ɗora wa Sama'ila

A wannan watan Dakta Sama'ila ya cika shekara tara a ƙasa. A tsawon shekarun nan ban rubuta komai a kansa ba, kuma da an ƙyale ni da har yanzu ban rubuta ba, domin rubutuna na farko a kansa shi ya jawo abin da ya same shi. Takardar gayyata ce ta tilasta mini. Wani kwamiti ya gina gidan sanyi na ajiye kifi a bakin ruwan garinmu Yauri, mai aiki da hasken rana, ana so a raɗa masa sunan Sama'ila, kuma ni aka zaɓa in yi jawabi a kan rayuwarsa. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Bawa, dillalin kifi a da, mai shagon kayan sola a yanzu. Da na ga sa hannunsa a ƙasan takardar sai na ninke ta, na yi kwana biyu ban iya sake buɗe ta ba.

Sama'ila abokina ne tun firamare. Iyayensa Gungawa ne, daga cikin mutanen da ruwan madatsar Kainji ya cinye tsibiransu, aka kwaso su aka zaunar a gaɓa. An gaya musu cewa an yi haka ne don ƙasa ta samu lantarki. Ƙasa ta samu. Shi kuwa da fitilar ƙwai ya yi karatu har ya gama sakandare. Bai cika magana a kan wannan ba, amma ban taɓa shakkar cewa shi ya kai shi ga karatun fiziks, ya kuma tsayar da shi a kan binciken wutar rana.

Farantan sola da muke gani a kasuwa yawancinsu da silikon ake yin su. Binciken Sama'ila a kan wani nau'i ne daban, wani sinadari da ake kira kadmiyam telurayid, wanda ake shafa wa gilashi shafi siriri da bai kai kaurin gashin kai ba. Abin da ya ja shi gare shi shi ne kaɗan ake buƙata, don haka yana iya yin araha, sannan ya fi silikon jure zafi. Kowane farantin sola ƙarfinsa na raguwa idan rana ta gasa shi, kuma duk wanda ya yi bazara ɗaya a Yauri ya san nauyin wannan magana. Matsalar ita ce shafin ba ya ba da wuta sosai sai an jiƙa shi da wani gishiri an gasa shi, gishirin kuwa mai cutarwa ne, yana narkewa a ruwa. Aikin Sama'ila a ɗakin gwaji na jami'ar da yake koyarwa shi ne neman gishiri marar illa da zai maye gurbin wancan.

Idan ya gama haɗa ƙananan gilasan gwajinsa, kowanne kamar akwatin ashana, sai ya like su ruf, ya kawo wasu ya jera a kan kwanon ɗakin mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. Yana son ya ga yadda zafi da raɓar tafkin Kainji za su tsufar da su. Duk ƙarshen wata yakan zo ya hau tsani da na'urarsa ya auna ya rubuta. Bai taɓa kawo sinadari ko cokali ɗaya gida ba.

A lokacin ina rubuta wa wata jaridar Hausa shafin ilimi. Na zauna da shi a gindin mangwaron ƙofar gidan wata la'asar, na ce ya yi mini bayani yadda mai kamun kifi zai gane. Da ya gama sai na tambaye shi ko kadmiyam ɗin nan guba ne.

Ya ce, “Shi kaɗai, guba ne ƙwarai. Amma gishirin da Inna ke sa wa miya ma abu biyu anka haɗa, kowanensu shi kaɗai yana iya kai ka kushewa. Da sunka haɗu, kai ke cewa a ƙaro. Nawa dai ba a cin shi, kar ka je ka rubuta na ce a lasa. Amma a ɗaure yake, a rufe tsakanin gilashi biyu. Ka rubuta shi hakanan, Haruna, kar ka datse.”

Na datse. Shafin bai isa ba, kuma bayanin gishiri ya yi mini kama da surutun malamai. Na sa wa labarin kanu: Ɗan Yauri na tatso lantarki daga guba. Shekaru da yawa na bar mutane suna zaton edita ne ya sa kanun. Ni na sa shi, kuma a ranar na ji daɗin kaina. Da ya karanta sai ya kira ni a waya ya ce, “Malam mai alƙalami, ka yaba ni yabon da zan daɗe ina jinya.” Muka yi dariya.

Wata biyu bayan haka, a ƙarshen damina, aka wayi gari kifi ya taso matacce a lungun ruwan da ke ƙasa da unguwarsu. Babu wanda ya tashi a bakin tafkin nan da bai san abin da ke tayar da kifi haka ba. Maganin ƙwari na gona ake tuttulawa a ruwa, a kwashe kifin a ƙyafe shi a kai kasuwa kafin ya nuna alama. An san masu yi, an san mai saye a hannunsu. A wannan karon an zuba ya wuce kima, har aka ji cewa jami'ai za su zo bincike. Kafin su iso, Alhaji Bawa ya sauko bakin ruwa da jaridata a hannu, ya sa aka karanta kanun da ƙarfi, sannan ya nuna kwanon ɗakin Inna. Ya ce ruwan sama na wanke gubar daga gilasan, ta gangaro ta shiga tafki.

Ba labari aka ba ni ba, ina wurin. Abin da na iya faɗa shi ne a bi a hankali. Ban ce ni na rubuta ba, ban ce na yanke rabin maganar ba. Na sha gaya wa kaina cewa ko na faɗa ba za a saurare ni ba, kuma wataƙila haka ne. Amma ban gwada ba, kuma na san abin da ya rufe mini baki: ina tsoron taron ya juyo kaina.

Aka hau kwanon, aka watso gilasan ƙasa, aka bi su da duwatsu. Mutanen da suka ce suna tsoron guba, su ne suka farfasa abin da ya tsare ta, da hannuwansu, a tsakar gidan tsohuwa. Washegari Sama'ila ya iso, ya sa safar hannu, ya tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gwangwani, ya kankare ƙasar wurin ya haɗa. Da ya miƙe sai ya ce, “Awon shekara biyu ke nan.” Jami'an da aka jira sun zo, an gaya musu cewa an riga an kawar da matsalar, suka sha ruwa suka koma.

Daga ranar sunansa ya zama Mai Guba. Ya ci gaba da aikinsa a jami'a, amma bai sake kawo gilashi gida ba, kuma awon da ya rasa bai samu madadinsa ba. Bayan shekara uku ƙoda ta kwantar da shi. Likitoci sun ce hawan jini ne ya lalata ta, irin wanda ya ɗauki mahaifinsa. Mutanen gari suka ce gubarsa ce ta ci shi. Ba zan ɓoye ba, ni kaina na taɓa tambayar zuciyata ko shekarun da ya yi yana juya wancan gishirin sun taɓa shi. Ni ba likita ba ne, ba ni da amsar da ta wuce ta likitoci. Abin da na sani tabbas shi ne, ranar da aka kawo gawarsa, waɗanda suka saba yin wanka a unguwar kowa ya samu uzuri. Ni da wani dattijo na'ibin liman muka yi masa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai ga garin yau. Sola ta cika ko'ina. Da ita ake cajin waya a kasuwa, da ita ake jawo ruwa zuwa gonakin albasa da shinkafa, har masallatai sun ɗora. Na tabbata zai ji daɗin ganin yara suna karatu da haske. Amma na san shi, ba zai tsaya nan ba. Zai tambayi inda ake kai batiran da suka mutu, sai a nuna masa bayan shaguna, inda ake fasa su a ciro dalma a tsiyayar da ruwansu a ƙasa, taku kaɗan daga tafkin. Ba a tara kowa a kan wannan ba, ba a hau kwanon kowa ba. Gubar da ke kawo riba ba ta taɓa tsorata mutanen nan ba.

Zai kuma ƙi yarda da ƙaryar da ake shirin yi da sunansa. Takardar kwamitin ta kira shi wanda ya kawo wa ƙasar Yauri wutar rana. Bai kawo ba. Farantan da ke kan gidan sanyin na silikon ne, ba su da alaƙa da aikinsa. Gilasansa ba su taɓa kunna abin da ya wuce ƙaramin ƙwan fitila ba, kuma shi ya fara faɗin haka. Masu bincike a wasu ƙasashe sun ci gaba da inganta irin nasa, babu wanda ya jira shi. Darajarsa a wurina ita ce ya auna abu ya faɗi abin da ya gani, har da kalmar da aka yi amfani da ita aka rushe shi.

Da Alhaji Bawa ya ga ban amsa takardar ba, sai ya zo gidana da kansa. Ya ce, “Malam Haruna, a bar tone-tone. Waɗanda sunka ba da tallafin suna son su ji cewa ɗan garin ga ne ya fara harkar. Karramawa ce munka yi niyya.”

Na ce, “Wa ya kashe kifin, Alhaji?”

Ya ce, “Wannan sai Allah.”

Na ce, “Allah ya sani, kai ma ka sani, ni ma na sani.”

Ya gyara hula ya ce shi ba shari'a ta kawo shi ba. Abin da ya rage musu amincewar iyali ne, matar marigayi kuwa ta ce a tambayi Inna, kuma ni ne Inna za ta saurara.

Na je wurinta da azahar. Ta tsufa sosai, amma har yanzu ita ke yi wa kanta girki. Na same ta ta sauke tuwon shinkafa da miyar kifi. Ta ce bismillah, na ce alhamdu lillahi Inna, a ƙoshe nake. Sai ta ajiye mara ta dube ni.

Ta ce, “Shekara goma sha biyu kana ƙoshi a gidan ga, Haruna.”

Ban taɓa lura ba. Kunyar abin da na yi ce ta hana ni sa hannu a kwanonta, ita kuwa duk shekarun nan ta ɗauka tsoro nake ji kamar sauran. A ranar ta gaya mini abin da Sama'ila bai taɓa gaya mini ba. Bayan an fasa gilasan, duk gidan da ta aika wa abinci sai a dawo mata da kwanon a rufe yadda ta aika. Ta daina aikawa. Ko abincin sadakar ɗanta, sai ƙanwarta ce ta dafa a wani gida kafin mutane su ci. Na jawo kwanon na ci, ta zuba mini ido har na siɗe hannu.

Sannan na faɗa mata saƙon kwamiti. Ta ce, “Suna? Ba a bakin ruwa sunka ɓata shi ba? Ni ban iya karatu ba, allon sunan da za su kafa bai yi mini komi. Ka ce wa Bawa ya zo nan da rana, ƙofa a buɗe, ya zauna inda kake zaune ya ci tuwona mutane na gani. In ya ci, ya ɗauki sunan ya kai inda yake so.”

Idan na auna abin da ya rage na Sama'ila, ba shi da yawa: littattafan awo da babu mai buɗewa, ɗalibai kaɗan da suka koyi sa safar hannu da faɗin gaskiyar sakamako, da suna wanda har yau ake rage murya idan za a ambace shi a unguwarsu. Wannan sunan ne ake so a kafa a bango ba tare da an wanke shi ba. Ni na faɗi nawa laifin a nan, a rubuce, kamar yadda na aikata shi a rubuce. Ba zan yi jawabi a taron ba sai an cika sharaɗin Inna, kuma duk wanda ya hau mumbarin ya yabi mutumin da ya ƙi yi wa wanka, ya sani ina cikin taron, kuma wannan karon zan yi magana.

Na isar wa Alhaji Bawa da saƙon ranar da aka ba ni shi. Ya ce likita ya hana shi cin yaji. Na koma na faɗa wa Inna, ta ce za ta dafa ba yaji. Saura kwana goma a buɗe gidan sanyin, na ji an riga an rubuta allon an lulluɓe shi da ƙyalle. Kullum da azahar Inna na sauke tukunya ta bar ƙofa a buɗe, kuma har zuwa yau da nake wannan rubutu, bai zo ba.