Zomayen Yaya Bitrus Ba Sa Auren Mata Biyu

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, labarin yayana Bitrus ne, dattijon coci a Manchok, wanda duk kun sani.

Kullum da safe, kafin ya gaida matarsa Rifkatu, sai ya zagaya bayan gida da rungumen ganyen dankali, ya cire hula, ya bi kejin zomayensa ɗaya bayan ɗaya. "Maigida, ina kwana? Uwargida, yaya yara?" Haka yake gaishe su. Kowane namiji da matarsa guda, keji kusa da keji.

Malamin gona ya taɓa zuwa ya ce masa namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, sauran mazan dusa kawai suke ci masa. Yaya ya ce ba a bayan gidansa ba. Malamin ya yi dariya ya ce ai zomo ba ya zuwa coci.

"Amma a gidan mai zuwa coci yake cin abinci," in ji Yaya.

Oga Okoro kuma, mai sayar da farfesu a Kafanchan, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo babansa garin, ya hawo mashin takanas don ya ari namiji. Yaya ya ba shi kujera, ya ba shi kunu, sannan ya tambaye shi mata nawa gare shi a keji. Okoro ya ce suna da yawa, Allah ya yi albarka. Yaya ya karɓe kofinsa.

"In rene shi da tarbiyya, ka kai shi birni ya lalace? Sauka lafiya."

To, ga inda wahalar take. Don nama aka fara kiwon nan, amma nama bai shiga tukunya ba. A yanka namiji, an bar gwauruwa. A yanka mace, an bar marayu. Wanda bai yi aure ba ne kaɗai ya halatta, shi ma da Rifkatu ta ga ya yi ƙiba ta wasa wuƙa, sai ta tarar Yaya ya riga ya yi masa mata da sassafe. Wayyo Rifkatu! Zomaye cike da gida, miya ba ko ƙashi.

Ana haka mutanen Nok suka aiko za su zo neman auren 'yar Yaya, Hannatu. Uwar yaron kuwa bakinta ya fi cittar gonarta zafi. Kowa ya san gidan nan da zomaye. In aka ajiye musu acca gaya, za ta koma ta ce 'yar marowata ce, maganar aure ta mutu. Hannatu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Fasto ya yi magana, ni ma na yi, Yaya ya ce shi ba zai raba aure don a ƙulla wani ba.

Ran da baƙin za su zo, Rifkatu ta same shi gaban keji, ta ce, "Baban Hannatu, wa ya ce a raba su? A yanka miji da mata tare."

Yaya ya murza hula. Can ya ce tafiya tare ai alheri ce. Ya zaɓi waɗanda 'ya'yansu suka girma, ya tsaya yi musu addu'ar bankwana, bai ce amin ba sai da muka ji ƙarar motar baƙi.

Da aka ci, uwar yaron ta lashe yatsa ta yaba naman. Yaya, wanda bai taɓa ko romo ba, ya sunkuyar da kai.

"Mutanen kirki ne. Ban taɓa jin kansu ba."

Matar ta ajiye cinyar da ke hannunta, ta dube shi, ta sake ɗauka. Ta ce 'yar irin wannan gida take so wa ɗanta.

Hannatu tana Nok yanzu, har ta aurar da 'yarta. Okoro ya tsufa, ɗansa ke riƙe da shagon. Rifkatu tana nan da sandarta, kuna ganinta a zumuntar mata a coci. Yaya kuwa ya tafi gida wurin Ubangiji da damina.

Ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Amma da mamanmu ta rasu ina ƙarama, shi ya goya ni da zaninta zuwa gona, maza suna masa ba'a, bai sauke ni ba. Ya Uba, ka ba bawanka Bitrus hutu a wurinka, cikin sunan Yesu. Amin.