Kawarar da Baba Ya Kama da Kunne

Ko da za ni manta da komai na ƙauyenmu, ba za ni manta da ranar da muka kai Baba gulbi ba, ana gobe za mu bar gida.

Ƙauyenmu na tsakanin Isa da Sabon Birni, gulbi na bayan gonaki. Shekarar da zama ya gagara saboda rashin tsaro, har zuwa gona ya koma sai da fargaba, na samo mana ɗakuna a Sakkwato. Lokacin Baba ya riga ya rasa ganinsa. An ɗaure kaya, an yi magana da mai mota, sai ya kira ni ya ce ba inda za shi sai ya kama kawara ɗaya da hannunsa. Wallahi raina ya ɓaci. Mutane na ta kansu, shi yana ta kifi. Amma na san halinsa, in ya kafe ya kafe. Na kuma san abin da bai faɗa ba: in ya shiga motar nan, shi da bakin gulbi har abada.

Baba manomi ne, fatsa kuwa amininsa ya koya masa tun suna samari. Aminin nan Basarke ne, sana'arsa ruwa. Shi ke kai ma'aikata da 'yan kasuwa masu sha'awar fatsa inda kifi ke taruwa. Da na je masa da maganar ya ce, "Kawo shi da hantsi. Amma la'asar kar ta iske mu can, ka san yadda hanya take."

Na goya Baba a mashin. Lokacin kaka ne, ruwa ya fara janyewa, fara ta cika ciyawa. Basarken ya zaunar da shi ƙarƙashin wata bishiyar giyayya da ta sunkuya kan gurbi mai zurfi, ni kuma ya kore ni baya, wai inuwata na faɗawa ruwa.

Fatsarsu ba irin wadda ake sa tana a nutsar ba ce. Fara mai rai ake maƙalawa a ƙugiya, a wurga ta a hankali ta sauka saman ruwa kamar daga reshe ta faɗo. Kawara na ganin tana mutsu-mutsu sai ta taso ta cafke, kai kuma a daidai lokacin za ka fizge. Aikin ido ne zalla, idon da Baba ba shi da shi.

Sai Basarken ya ɗora hannu a kafaɗar Baba ya ce in ya matsa, ya ja. Wurgin Baba dai bai tsufa ba, farar na sauka lumus. Amma kafin saƙo ya taso daga kafaɗa ya iso hannu, kifi ya cinye ya wuce. Haka muka yi ta yi, ina kamo fara suna ciyar da kifi.

"Bagobiri, kiwo kaz zo yi ko kamu?" in ji Basarken.

"Hannunka na da nauyi awa tabarya," in ji Baba. "Kai kat tsufa, ba ni ba."

Muka yi azahar a kan yashi, har yanzu ba ko ɗaya. Baba ya daina raha. Ina kallon rana, ina kallon hanya. Can Basarken ya ce ƙugiya ta sarƙe a saiwa, bari ya shiga ya ɓalle. Ina gani ya zaro wata kawara daga wani gora da ya jiƙa a ruwa tun safe, ya maƙala ta, ya fito yana kaɗa mini kai kar in tanka. Ya matsa kafaɗa. Baba ya ɗaga sandar fatsar kaɗan, ya tsaya, bai ja ba.

"Wanga kihi ya gaji," ya ce. "Cikin gora yaw wuni. Basarke, ido nir rasa, ba hannu ba."

Ban taɓa ganin Basarken nan ya ji kunya ba sai ranar. Ya cire kifin, idonsa ya yi ja. Tausayi ne ya sa shi, kuma Baba ya sani, don bai ƙara ko kalma a kai ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗauke hannunka. Ku yi mani kurum, ku duka."

Muka yi tsit. Ya wurga farar, ya karkata kai gefe. Sai a lokacin na lura gulbin na da murya: ruwa na lasar saiwoyi, ganye na faɗowa, wani tsuntsu na kira daga ƙetare. La'asar na matsowa. Sai na ji wani ɗan sauti, ɓul, bai kai faɗuwar tsakuwa ba. Kafin in gane mene ne, Baba ya fizge, sandar ta lanƙwashe, yana dariya da bakin da ba sauran haƙora sosai.

Kawarar ba ta fi tafin hannu da rabi ba. Ya riƙe ta tana fizga, ya shafa ta daga kai har wutsiya, ya kai ta hanci ya shaƙa. Sannan ya sa na kama shi har bakin ruwa, ya wanke fuska, ya daɗe tsugune. Da ya miƙe ya miƙa wa amininsa sandar ya ce, "Aje mani." Basarken ya ce, "Tana nan har ka komo." Duka biyun sun san ba gaskiya ba ne, ni ma na sani, na juya baya ina goge ido. Da yamma aka soya masa ita, ya cinye har kai. Da safe shi ya fara shiga mota.

A Sakkwato na sha sayo masa kifi a kasuwa. Yakan ci ya yi godiya, ya ce, "Ya yi daɗi, amma ba na ruwanmu ba ne." Duk damina in hadari ya taso sai ya tambaye ni ko gulbi ya kawo. A can Allah ya karɓi abinsa, bai koma ba. Ni ma har yau ban koma ba, kuma kewar wurin nan na ci na, musamman in na ga fara ta faɗa cikin randa tana mutsu-mutsu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mutum zai rabu da wurin da ya yi rayuwarsa, a bar shi ya yi bankwana da hannunsa, kar a yi masa. Mu duka mun kwaso kaya cike da mota, amma Baba kaɗai ne ya baro gida da sallama.